Ga Tuwo Ga Miya, Amma Yarinya Tana Ramewa

Fadan Kagoma gari ne da ke kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna. Nan ne fadar sarkin mutanen Gwong, waɗanda Hausawa suka fi sani da sunan Kagoma, nan ne kuma garin marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya yi gwamnan jihar daga 2010 har rasuwarsa cikin watan Disamba na 2012. Ƙasa ce mai ruwa da albarkar noma. Ana samun doya da gwaza da rogo da masara da dawa da acca, ga kuma citta, wadda ita ce kuɗin aljihun manomi a duk wannan yanki. Baƙon da ya sauka a gida, kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi an riga an ajiye masa kwano, in kuwa ya ce ya ƙoshi sai uwargida ta ɓata rai.

Duk da haka mutanen wurin sun san yunwa sarai. Sun san ta tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon amfani kuwa bai nuna ba, sun kuma san irin wadda ta biyo bayan annobar da ta ruɓar da citta a gonaki cikin 2023, shekarar da farashin kayan abinci ya fi ƙarfin talaka. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Wannan ita ce yunwar da kowa ya sani, maganinta kuwa sananne ne, watau a samo abinci. Saboda haka idan aka ce wa dattijo akwai yaron da ke kashe kansa da yunwa alhali ga tuwo ga miya a gabansa, sai ya yi dariya, ya ce ai wannan cutar 'ya'yan Turawa ce da ƙoshi ya yi wa yawa. Wannan dariya ce ke sa a makara.

Ga labarin wani gida a garin, an sakaya sunayen mutanensa domin yarinyar tana nan tana karatu. 'Yar shekara 11 ce sa'ad da abin ya fara, tana aji shida na firamare, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya biyar. Mai jiki ce tun tana goye, mai ƙoƙari kuma a makaranta, irin yaran nan da ba su son a ga ko kuskure ɗaya a littafinsu. Lokacin Kirsimeti 'yan'uwa suka zo daga Kaduna da Abuja kamar yadda aka saba, gida ya cika. Ana cikin raha a tsakar gida sai wata goggonta ta dube ta ta ce, "Kai, 'yar nan, me ake ba ki haka? Kin zama buhun citta!" Kowa ya yi dariya, har da ita. Goggon ba da mugunta ta faɗa ba, a bakinta ma yabo ne ga uwar yarinyar cewa ta iya kiwo. Amma 'ya'yan baƙi suka kama sunan, 'yan unguwa suka karɓa, kafin a koma makaranta cikin Janairu sunan ya riga ta isa aji.

Daga nan ta soma rage ci, kuma babu wanda ya lura har kusan wata uku. Dalilin rashin lurar ya isa a tsaya a kansa. A gidan, kamar yawancin gidaje, maigida ake zuba wa nasa daban, yara kuwa kwano ɗaya suke tarayya, cikin kwanon tarayya kuwa ba a ƙirga lomar kowa. Abin da uwa ke gani shi ne kwano ya dawo babu kome a ciki. Ƙannenta maza biyu ba su da dalilin kai ƙara, tun da yake rabonta cikinsu yake tafiya. Ta kuma ɗauke wa uwarta aikin madafa, ita ce tuƙi, ita ce kwasa, ita ce kai wa Baba nasa, kafin ta gama kai da kawowa an kusa siɗe kwano. In uwar ta ce, "Ke ba za ki ci ba?" sai ta ce, "Mama, na ci a wurin Kaka." A wurin Kaka kuwa cewa take yi ta ƙoshi a ɗakinsu. Babban gida, inda yaro ke da tukunya uku ko huɗu da zai iya sa hannu, shi ne ya fi kowane sauƙin ɓoye rashin ci, domin kowace uwa tana tsammanin ɗayar ta ciyar.

Da azumin kwana arba'in na kafin Ista ya kama, sai ta sami inuwar da ta fi wannan. Ta ce ita ma za ta yi. Aka yi ta sa mata albarka, ana nuna ta ga sauran yara. Wanda ya fara yin shakka tela ne. Ya auna ta don ɗinkin Ista, ya duba awon da ya rubuta a littafinsa lokacin Kirsimeti, ya sake aunawa, sa'an nan ya ce wa uwar, "Maman yara, yarinyar nan lafiya kuwa? Yaro gaba yake yi, wannan kuwa baya take yi."

Abin da ya biyo baya kowane gida zai gane shi. Aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka bi da na zazzaɓin cizon sauro, aka bi da na taifod. Mai kantin magani ya ba da wani na ruwa mai buɗe ciki, ta riƙa zubar da shi bayan ɗaki. Kaka ta ce wannan ba na asibiti ba ne, mayu ne suka kama kurwar yarinya. Aka yi addu'a, aka yi jiƙe-jiƙe. Uban, da haƙurinsa ya ƙare, ya ɗauko bulala ya tsaya a kanta har ta cinye malmala guda tana kuka. Da tsakar dare uwar ta ji motsi, ta leƙa, ta iske ta tana tsalle-tsalle cikin duhu, wai don kada abin da ta ci ya zauna mata a jiki.

Bayan Ista da 'yan makonni ta yanke jiki ta faɗi a layin safe na makaranta. A asibiti aka auna jini da fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji, babu tarin fuka, babu ciwon sukari, sai ɗan ƙarancin jini. Likita ya riƙe hannunta ya ji shi sanyi ƙalau alhali ana tsakar zafi, ya ƙirga bugun zuciya ya ga ya yi ƙasa ƙwarai da na yaro mai shekarunta. Sai ya roƙi iyayen su ɗan ba su wuri, ya tambaye ta a hankali ko tana jin yunwa. Ta ce kullum, dare da rana, ba ta tunanin kome sai abinci. To, me ya hana ta ci? Ta ce in ta ci sai ta ji kamar ta aikata babban zunubi, kuma duk sa'ad da ta dubi madubi buhun nan take gani.

Likitoci na kiran wannan cuta anoreksiya, kuma ta daɗe a duniya. Wani likitan Ingila, Richard Morton, ya bayyana alamunta tun 1689. Cikin 1873 William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris suka yi bayaninta filla-filla, kowa daban, Gull ne kuma ya raɗa mata sunan. Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta rashin sha'awar abinci, sunan kuwa bai dace da cutar ba, kamar yadda amsar yarinyar nan ta nuna. A nan ne bambancin yake. Yaron da tarin fuka ko taifod ko sikila ko gyambon ciki ya ramar, bakinsa ne ya mutu, yana so ya warke, yana murna in ya iya ci. Mai ciwon sukari irin na yara yana ci yana shan ruwa yana yawan fitsari, amma yana ramewa. Mai anoreksiya kuwa yana jin yunwar, faɗa yake yi da ita, kuma duk ranar da ya yi nasara a kanta jin daɗi yake yi. Wajibi ne a fara kawar da waɗancan cututtuka ta hanyar gwaji, domin su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Amma in gwaji ya fito babu kome yaro kuwa yana ta ƙarewa, bai kamata a koma gida ana cewa tun da asibiti ba su ga kome ba ai sai a nemi na gargajiya.

Batun cewa cutar Turawa ce kuwa, tun 1981 wani likita mai suna Nwaefuna ya buga rahoton wata 'yar Nijeriya mai wannan cuta a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila. Wanda ya fi wannan kusa da labarin Fadan Kagoma shi ne binciken da aka buga a wannan mujalla cikin 2004, wanda aka yi a makarantun sakandare na arewacin Gana. An auna 'yan mata 668, aka sami 10 da suka rame ƙwarai ba tare da wata cutar jiki ba, su ne ke hana kansu ci. Ko ɗaya cikinsu ba ta ɗauki abin a matsayin ciwo ba, duka goman da harshen ibada suka yi bayaninsa, watau azumi da horon kai. Wannan ya isa ya sa iyaye da shugabannin addini su buɗe ido. A Musulunci azumi bai wajaba kan wanda bai balaga ba, an kuma ɗauke wa mara lafiya. A Cocin Katolika dokar azumi daga shekara 18 take hawa kan mutum. Saboda haka 'yar shekara 10 ko 11 da ta fi manya tsanani a azumi, ta ƙi buɗe baki da kirki in lokaci ya yi, ta kuma ci gaba bayan kowa ya gama, tana bukatar a zaunar da ita a tambaye ta kafin a yaba mata.

Wani zai ce ai a wannan ƙasa jiki shi ne kyau, rama kuwa alamar wahala ce, don haka babu yarinyar da za ta nemi rama da gangan. Haka mutanen tsibirin Fiji, can cikin tekun Fasifik, suke gani a da. Su ma masu son cikar jiki ne, masu matsa wa baƙo ya ƙara loma. Cikin 1995 talabijin ya isa lardin Nadroga na tsibirin, ya kawo finafinan Amurka da na Ostareliya. Wata malamar Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan sakandare a wannan shekara, ba ta sami ko ɗaya mai jawo wa kanta amai don ta rage jiki ba. Da aka sake tambaya cikin 1998, 11 cikin 100 suka ce suna yi. Shekara uku ke nan kacal, da akwatin talabijin guda a falo. Yau kuwa wayar hannu tana cikin ɗakin kwana, kuma 'yar firamare a Kagoma ko Kwoi ko Gidan Waya tana kallon abin da takwararta ta Legas ke kallo a wayar yayarta.

Amma kada a ɗora wa goggo ko waya dukan laifin. Yara dubbai ake yi wa baƙar magana kan jikinsu kowace rana, kaɗan ne ƙwarai ke kamuwa. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kimanin rabin haɗarin gado ne. Akwai kuma hali: yaro mai fargaba, mai son kome nasa ya fita daidai, mai kiyaye doka fiye da kima, shi ya fi shiga haɗari, musamman gab da balaga sa'ad da jiki ya soma canzawa ba da izininsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, maganar goggo kuwa ƙadangaren ce kawai. Da zarar an fara, yunwar da kanta ke riƙe ragamar. Cikin 1944 da 1945 a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya gwada wannan a kan samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har wata shida, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sai ga ƙarti sun koma ba su da zance sai na abinci, suna tara littattafan girki, suna tsakurar loma suna jan ta tsawon lokaci, ga saurin fushi, ga gudun mutane. Babu abin da ya same su sai yunwa. Watau yawancin abin da iyaye ke gani su kira taurin kai ko rashin kunya ko iska, aikin ƙwaƙwalwar da ba ta samun abinci ne, kuma ba a yi wa irin wannan ƙwaƙwalwa nasiha ta ji sai an fara ciyar da ita.

A tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 13 cutar ba ta da yawa. Ƙidayar da likitocin yara na Ingila da Ailan suka yi, wadda aka buga cikin 2011, ta sami kimanin yaro 3 cikin kowane 100,000 da ke kamuwa da ɗaya daga cututtukan ci a shekara, kusan ɗaya cikin biyar kuwa maza ne, don haka kada a ce ta mata ce kaɗai. Sai dai in ta kama ƙaramin yaro ta fi saurin kayar da shi, domin ba shi da ajiya a jiki kamar babba, ruwan jikinsa kuma yana saurin ƙarewa. Yaro mai shekara 8 zuwa 10 ya kamata ya riƙa ƙara kilo 2 zuwa 3 kowace shekara, fiye da haka ma in ya soma miƙewa. Ke nan wanda nauyinsa ya tsaya cik shekara guda ya riga ya yi hasara, ko da bai rage ko kaɗan ba. In abin ya daɗe tsawo yana tsayawa, balaga tana jinkiri, ƙashi kuma ba ya yin ƙwarin da ya kamata ya yi a waɗannan shekaru. Lissafin da aka tattara cikin 2011 ya nuna masu anoreksiya sun fi tsaransu haɗarin mutuwa kusan ninki 6, ɗaya cikin biyar na mamatan kuwa kansu suka kashe. Abin takaici, a ƙasar nan awon yaro yana ƙarewa ne da ƙarewar allurar rigakafi. Katin awo yana ƙasan akwati, ɗan shekara 10 kuwa babu mai ɗora shi kan sikeli sai ya kwanta ciwo, shi ya sa tela ya riga kowa gani.

To, ina magani? A da likitocin Turai kan raba yaro da iyayensa, bisa zaton su ne tushen ciwon. Gull da Lasègue duka sun ga iyali a matsayin cikas. Cikin shekarun 1980 likitocin asibitin Maudsley na Landan suka juya wannan tunani, suka maido iyaye a matsayin masu jinya, sakamakon gwajin da suka buga cikin 1987 kuwa ya nuna wannan hanya ta fi amfani ga waɗanda ciwon ya kama da ƙuruciya bai kuma daɗe ba. Har yanzu ita ake fara bi ga yara. Gindinta mai sauƙin faɗa ne. Abinci shi ne maganin, iyaye ne ke auna shi su ba da shi, yaro ba shi da zaɓi kan ko zai ci ko nawa zai ci har sai hankalinsa ya dawo, kamar yadda ba a tambayar mai zazzaɓi ko yana sha'awar allura.

Haka likitan nan ya ɗora gidan a kai, bayan yarinyar ta yi kwanaki a kwance ana lura da zuciyarta. An cire ta daga kwanon tarayya, an ba ta nata. An hana ta shiga madafa. Sau uku a rana abinci sosai, sau uku kuma ɗan taɓawa a tsakani, kuma ba wani abu na kanti ba ne, kunun gyaɗa ne da madara, faten acca da manja, wake da riɗi, doya da ƙwai. Uwar kan zauna kusa da ita har ta gama, sa'an nan a ƙara zama na awa guda don kada ta zagaya bayan ɗaki. Makonnin farko akan yi awa biyu kan kwano ɗaya. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta gaya wa uwarta maganar da ba ta taɓa fita bakinta ba. Uwar ta koyi amsa guda, ba ta ƙarawa ba ta ragewa: "Na san da wuya, 'yata. Ɗauki loma ta gaba." Uban ya ajiye bulala, ya karɓi zaman dare, abin da ya sa maƙwabta suka yi ta mamakin namiji zaune kan tabarma yana gadin kwanon yarinya. Bulala tana iya sa malmala guda ta shige, amma tana koya wa yaro ɓoyo, gobe kuma sai an ƙara ta. Lallashi marar iyaka, irin na "to, bar shi in ba ki so", shi ma ciwon yake ciyarwa.

Wanda ya fi wuyar shawowa Kaka ce, domin ba ta sauka daga maganar mayu ba. Da ta ga jikarta na kuka sai ta ce a ƙyale ta, in ta ji yunwa za ta ci. Wannan magana gaskiya ce ga kowane yaro ban da mai wannan ciwo. A ƙarshe ba a yi gardama da ita kan mayu ba, an dai roƙe ta alkawari biyu, kada ta ce yarinya ta ci a wurinta in ba ta ci ba, kada kuma ta sa baki in ana zaman kwano. Aka kuma roƙi limamin cocinsu ya gaya wa yarinyar da bakinsa cewa ba a neman azumi daga gare ta, abin da ya yi nauyi a wurinta fiye da faɗar likita. Gida mai yawa da ya ɓoye ciwon, shi ne kuma ya ba da masu karɓar zama in uwa za ta gona ko kasuwa, da zarar an haɗa bakin kowa wuri ɗaya.

Akwai gargaɗi guda da bai kamata mai karatu ya wuce shi ba. Yaron da ya daɗe ba ya ci, ya rame ƙwarai, ba a ɗura masa abinci mai yawa a gida rana ɗaya. In abinci ya shigo da yawa bayan doguwar yunwa, wani gishirin jini da ake kira fosfet yakan faɗi farat ɗaya, wannan kuwa yana iya tsayar da zuciya. Irin wannan yaro a asibiti ake fara ciyar da shi, a hankali, ana auna jini. Haka nan wanda ya suma, ko ya daina shan ruwa, ko ba ya iya tashi tsaye sai jiri ya kwashe shi, ko ya soma zancen gara ya mutu, ranar nan ake kai shi, ba a jiran ranar kasuwa.

Ba za a ɓoye ba, abin yana da tsada ga talaka. Ci shida a rana ga yaro ɗaya, a gidan da saura ke ci biyu ko uku, yana jawo ƙorafi, ƙannen da suka saba cin rabon yayarsu yanzu suna kallo ana ba ta ƙwai. Babban asibitin Kafanchan, wanda aka sa wa sunan marigayi Yakowa, yana kusa don gwaji da kwanciya, amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane fiye da miliyan 200. Mai neman su daga wannan yanki sai ya nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ga kuɗin mota, ga kuma tsoron kada a ji an kai 'ya mace "asibitin mahaukata" a ɓata mata aure tun ba ta girma ba. Cikin Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma bakin mutane ba ya canzawa da sa hannu.

Hana kai ci ba shi kaɗai ba ne. Akwai yaron da ƙayar kifi ta taɓa maƙale masa, ko ya taɓa yin mugun amai, daga nan ya tsorata da haɗiya, ko wanda ba ya iya cin kome sai abu biyu ko uku saboda wari ko santsi, har ya daina girma. Wannan ba ya tsoron ƙiba ko kaɗan, kuma sai cikin 2013 likitocin Amurka suka ba ciwonsa suna na kansa. Akwai mai ci da yawa a ɓoye sa'an nan ya jawo amai, ciwon da Gerald Russell ya bayyana cikin 1979, wanda ya fi zuwa bayan balaga, ya kuma fi ɓoyuwa domin jiki ba ya nunawa sai dai kumatu su kumbura haƙora su lalace. Akwai mai cin farar ƙasa ko gawayi ko alli, wanda sau da yawa ƙarancin jini ne ke tura shi, don haka gwajin jini ya fi masa mari amfani. Akwai kuma siririyar da aka yi ta kira tsinke har ta soma tara kuɗin tara tana sayen ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda sau da yawa maganin kumburi ne mai ƙarfi, mai cika fuska da ciki, ya kuma jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Ita da buhun citta rauni ɗaya ne, baki ɗaya kuma ya yi shi.

Yarinyar Fadan Kagoma ta ɗauki fiye da rabin shekara kafin nauyinta ya koma inda ya kamata, tsoron kuwa ya fi haka daɗewa, yakan kuma leƙo duk lokacin jarrabawa. Ta ci jarrabawar shiga sakandare, aka ba ta makarantar kwana, iyayen suka ce a'a, ta yi shekara guda tukuna tana jeka-ka-dawo. Sun yi daidai, domin a ɗakin cin abincin makarantar kwana yara ɗaruruwa ne, babu mai ƙirga lomar kowa, mai kyautar da rabonta ma ƙawaye take samu. Da lokacin tafiyar ya yi, uwar ta je da kanta ta zauna da matar da ke kula da ɗakin kwanan 'yan mata ta gaya mata kome, ta kuma sayi ɗan littafi. Ranar komawa makaranta da ranar dawowa hutu, kafin a kwance akwati, sai an bi ta ɗakin shan magani an hau sikeli an rubuta.